Gawar da Ke Kallon Alƙibla

Abin ya faru a Libreville, shekarar da aka ce duk baƙon da zai sabunta katin zama sai ya je da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsunsa, a tono tsofaffin takardunsa a sake dubawa. Wanda aka samu da matsala, sai a kora shi ƙasarsu a jirgin ruwa. Ni an taɓa loda ni a jirgin nan, na dawo. Ban iya riƙe biro ba, amma ba mai koya mini garin nan.

Da safe aka kira Sufeto Mabika. Gawa a bayan injin katako na unguwar Lalala.

Dattijo ne, da rauni a ƙeya, aljihu wayam.

"'Yan fashi ne," in ji kofur ɗinsa.

Mabika ya tsuguna. An kwantar da mamacin a gefen dama, fuska ga alƙibla. An rufe masa ido, an ɗaure haɓarsa da ƙyallen shuɗin yadi. Mabika ɗan coci ne, amma cikin 'yan Mali ya tashi.

"Ɗan fashin naka yana da tarbiyya," ya ce. "Wanda ya yi wannan sai da ya yi kuka kafin ya tafi."

Masu yankan katako suka ce mai gadinsu ne, ɗan Mali, Jaje Tandiya, yana haya gidan Mama Nyingone a unguwar Akebe.

Mabika ya tarar da tsohuwar tana naɗe rogo a ganye, yara biyu na wasa a ƙofa.

"Mama, Jaje Tandiya nake nema."

"Wanne?" Sai ta kama bakinta. "Ɗaya ne, ɗana. Tsufa ne ke sa ni surutu. Yanzu ya fita wurin gashin namansa, bakin kasuwa. Ga 'ya'yansa nan."

"Yanzu ya fita? To wanda na baro a kwance fa?"

Ganyen ya faɗi daga hannunta.

Mai gashin nama tun daga nesa da ya hango Mabika ya zaro kati, kafin a tambaye shi. Jaje Tandiya. Hoton ya koɗe, zai iya zama kowa.

"Mutumin Mali, namanka ne ke ƙonewa, ba takardarka ba. Kana da ɗan'uwa a nan?" in ji Mabika.

"Ba ni da kowa, ranka ya daɗe."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Nan. Tambayi kowa."

Mabika ya dubi shuɗin yadin da mutumin ya ɗaura a ƙugu. Bakin yadin a yage, sabuwar yaga. Ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗauki yankan nama ya tauna.

"Shi ke nan. Wani muka tsinta a Lalala, ba takarda, ba dangi. Irinsu hukumar gari ke haɗawa a rami guda. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Sai an jima."

Ya juya ke nan ya ji wuƙa ta faɗi ƙasa.

"Kada ku yi masa haka," in ji mai gashin naman. "Yayana ne."

Ya zauna a kan buhun gawayi ya faɗi komai. Katin na yayan ne. Da ƙanen ya sauka garin ba takarda, Jaje ya ce su raba: kai da rana, ni da dare. Da sunan Jaje ƙanen ya yi aure, da sunan aka rubuta 'ya'yansa a makaranta. Sai doka ta sauya. Yatsun mutum ɗaya kawai za a ɗauka.

"Na je na roƙe shi. Na ce Yaya, kai kaɗai ne, ni ina da yara, ka bar mini. Ya ce ya ba ni aron komai a duniya, amma ba zai koma gida a jirgin kora ba bayan furfura. Na kama katin, ya kama. Na ture shi, ya faɗi kan gungume." Ya share fuska da yadin. "Na kwashe aljihunsa don a ce fashi ne. Amma na kasa barinsa baki buɗe kamar dabba."

Kofur ya fito da ankwa. Mabika ya ɗaga masa hannu, ya jira mutumin ya kashe wutar gashinsa.

"Sunanka?"

Ya nemo sunan kamar mai lalube a duhu.

"Wakane. Tun da na sauka garin nan, shi kaɗai ke kirana da shi."

Ya miƙa katin da hannu biyu, sannan ya miƙa hannuwan.

"Ranka ya daɗe, in za a yi masa salla, a kira shi Jaje. Nasa ne."