Malamin Makarantar da Ta Zo Ta Ƙarshe

Badi'a na tsakar gida tana tsince shinkafa mahaifinta Malam Datti ya shigo yana kaɗa wata takarda. Firinsifal ne a wata babbar sakandare a Makarfi, kuma ba abin da yake ji da shi kamar jerin makarantun yankin da ake fitarwa duk shekara.

"Indo! Mun sake zuwa na ɗaya!" ya ce wa matarsa. Sai ya juyo. "Ke kuma Badi'a, makarantar ƙauyen Kudan da Hafizun naki ke koyarwa, ta ƙarshe ta zo! Ba zan ba da 'yata ga malamin makarantar da ba ta taɓa kai ko yaro ɗaya jami'a ba."

"Haba Baba! 'Ya'yan manoma ne fa, rabin zangon karatu suna gonar rake..."

"Na gama magana!"

Ta shige ɗaki ta sha kukanta, sannan ta kira Hafizu a waya. Ga mamakinta dariya ya yi.

"Share hawayenki. Baba bai yi ƙarya ba, mu ne na ƙarshe. Yarana ko kwamfuta ba su taɓa taɓawa ba, kuma da ita ake rubuta JAMB. Ki ba ni shekara ɗaya."

Washegari, da iznin Inna Indo, ta aika masa da laftof ɗinta. Hafizu ya bi gona-gona yana roƙon iyaye su riƙa sakin yara bayan la'asar. Ɗalibai goma sha tara suna layi kan laftof ɗaya! Masu neman Badi'a suka yi ta sallama, ita kuwa ta gaishe su da ladabi ta koma ciki.

Da sakamakon JAMB ya fito, a taron shugabannin makarantu a Ikara Malam Datti ya ji labari: Naja'atu, ɗalibar Hafizu, 'yar wani manomi, ta ci maki 291, alhali gwarzon makarantarsa 274 ya samu. Ya dawo gida ya ce, "Badi'a, kira mini yaron nan."

Hafizu ya zo ya durƙusa, Badi'a na laɓe bayan labule.

"Mu sai mun tace yara muke ɗauka," in ji Malam Datti, "kai kuwa duk wanda ya zo naka ne. Na yi kuskure. Turo magabatanka, amma ka dawo makarantata da aiki."

"Baba, a yi mini afuwa, 'yan aji biyar na jirana."

Malam Datti ya ƙyalƙyale da dariya. "Indo, kin ji! Tun bai zama suruki ba ya fara ƙin umarnina!"

Inna Indo ta rangaɗa guɗa. Bayan ƙaramar salla aka kai amarya Kudan.

Haka mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo. Kada a auna mutum da lambar da aka ba shi a takarda, a dubi inda ya taso da abin da ya yi da hannunsa.