Hannun Kawu Sallau

Ku matso kusa. Habu, kashe wayar nan, ba na ba da wannan labarin da haske. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu. Ummi, ba da ke nake ba, amma dai kin ji.

Kun san Kawu Sallau. Kullum yana zaune bakin garejin tasha, hannunsa na dama a dunƙule cikin aljihu. An ce muku shanyewa ya yi. Ni ma haka aka ce mini, sai ranar da na kai masa abinci na tarar yana kuka shi kaɗai. Ranar ya faɗa mini.

A da duk yankin nan babu bakanike kamarsa. Injin da kowa ya cire rai da shi, shi yake tayarwa. Yana da amini, Nomau, wannan da kuke kira Alhaji Nomau mai farar mota. Tare aka yi musu kaciya. Kwano ɗaya suke ci. Ranar ɗaurin auren Nomau, babbar rigar Kawu ya saka.

To, a Fadamar Dagwarga akwai wata tsohuwar katafila, irin mai tafiya a kan sarƙa. Wasu 'yan kwangila ne suka kawo ta share fili. Tana cikin aiki inji ya cije. Suka yi iya dabararsu, suka gaji, suka tafi suka bar ta. Shekara goma sha ɗaya tana nan, har ciyawa ta fito ta cikin sarƙar. Ƙarfen gabanta mai ture ƙasa ya tsaya taku ɗaya daga wani ƙaton suri, wanda ya fi ɗakin nan tsayi.

Nomau ya saye ta a farashin tsohon ƙarfe. Ya zo ya ce, "Sallau, tayar mini da ita kawai. Tirela zan kawo, mu ɗora ta sai birni."

Kawu ya ɗauki kayan aiki ya tafi. Ya kwance nozul, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, ya zuba kananzir da man birki a kowane rami don tsatsa ta saki fistan. Kwana uku yana jiƙa shi. Ya sa dogon ƙarfe a babban notin gaban inji, ya rataya da duk nauyinsa. Ko gezau. Da ya haska ciki da tocila, sai kansa ya ɗaure. Babu tsatsa ko ƙwaya ɗaya. Ƙarfen tas yake, kamar jiya aka wanke shi.

Rana ta huɗu, rana tsaka, tsuntsaye suka yi tsit.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Ya waiwaya. Wata tsohuwa ce zaune a kan sarƙar. Busasshiyar ciyawa ce ta kewaye wurin, amma bai ji takunta ba. Bakinta yana motsi a gabansa, muryar kuwa ta bayansa take fitowa, daga cikin bututun hayaƙin katafilar. Hannunta na dama a dunƙule kan cinya. Baƙin mai yana ɗiga ta tsakanin yatsun, ɗis, ɗis.

"Yawwa, Iya. Sannu."

"Me ya same ta?"

"Inji ne ya cije."

"Bai cije ba. Riƙe shi na yi."

Kawu ya ce ya nemi addu'a a bakinsa, ko bisimilla ta ƙi fitowa. Tsohuwar ta nuna surin da haɓa.

"Gidana ne. Autana yana ciki, ba shi da ƙafa, ba ya ɗaukuwa. Da suka zo na yi musu magana, ƙarar inji ta hana su ji. Sai na sa hannu."

"Tun lokacin, Iya?"

"Tun lokacin. Ko tuwo ban ƙara tuƙa masa da hannun nan ba. Na gaji, ɗan nan."

Kun san Kawu da taushin zuciya. Tsoron ya tafi, tausayi ya maye wurinsa. Ya ce, "Iya, saki. Baya za mu yi da ita, mu ɗora a mota. Ba za ki sake ganinta ba."

"Taka ce?"

"Ta aminina ce. Ni da shi duk ɗaya ne."

"Ban gan shi ba. Kai na gani. Baya kawai?"

"Baya kawai."

"Ba ni hannu."

Ya miƙa. Ta fara buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Duk yatsan da ya miƙe, sai a ji ƙwas a cikin inji. Na biyar yana miƙewa, dogon ƙarfen nan da ya ƙi motsi kwana uku ya sauko da kansa. Tafin hannunta sanyi ƙalau kamar ruwan randa. Ya ɗago kai, babu kowa. Sai baƙin mai a hannunsa.

Da yamma ya kwashe duka ya faɗa wa Nomau. Abin da ya fi ci wa Kawu rai har yau shi ne, Nomau bai yi dariya ba. Da ya yi dariya, da Kawu ya shirya. Sai ya dafa ƙirji ya ce, "Subhanallahi. Baya kawai, mutumina. Ni ma ai ina da 'ya'ya."

Bayan kwana biyu aka ɗaure komai, aka sa sabon batir. Inji ya yi tari sau uku, ya feso baƙin hayaƙi, ya kama. Kawu ya ce, "Ina tirelar?"

Nomau ya ce, "Tana mararraba, direba bai san hanya ba. Hau babur ka shigo da shi."

Kawu ya tafi. A mararraba babu tirela, babu direba. Abin da ya tarar wani allo ne a kafe bayan bishiya: ana sayar da filaye a Fadamar Dagwarga, ga sunan Nomau a ƙasa. Fentin ya daɗe da bushewa, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. Tun kafin ya sayi katafila ya sayi fadamar. Kawu yana tsaye yana karantawa ya jiyo rugugin inji daga nesa.

Ko da ya iso, rabin surin yana ƙasa. Wani siririn kuka yana fitowa daga ciki. Kawu ya ƙi gaya mini yadda yake, ni ma ban matsa ba. Ya jefar da babur, ya sha gaban katafila yana ihu, "Nomau! Nomau, ka rantse mini!" Nomau ya dube shi ido cikin ido, ya kau da kai, ya ƙara wuta.

Sai inji ya yi ƙam. Shiru. A daidai lokacin hannun Kawu ya dunƙule.

Sai ga tsohuwar tsaye a kan ɓaraguzan surin, hannuwanta biyu a buɗe, ɗauke da wani abu a naɗe cikin zane. Ba ya motsi.

"Iya, wallahi ban sani ba."

"Na sani. Amma hannunka aka ba ni." Ta gyara zanen. "Ni na gama riƙo, babu sauran wanda zan riƙe dominsa. Yanzu katafilar tana hannunka. Ranar da ka gaji, ka buɗe. Za ta tashi da kanta, ba mai, ba direba. Ta san ƙofar gidan aminin naka. Ta san ɗakin da yake kwana."

Nomau bai ga komai ba. Ya sauko yana zagi, wai aikin banza aka yi masa. Ya sayo wani injin daga Ikko, ya kawo wasu kanikawa suka ɗora. A ranar shi ma ya cije. Sai ya bi gari yana cewa Sallau ya sace masa kayan inji, shi ya sa Allah ya shanye masa hannu. Mutane kuwa suka yarda, don mai kuɗi ne ya faɗa. Ya sayar da filayen bakin titi, ya je Makka sau uku. Kawu ya koma zaman benci, ko facin taya ba a ba shi. Ni wallahi duk ranar da na tuna, abinci ba ya shiga cikina.

Hannun nan lafiyarsa ƙalau. In Kawu ya ga dama, yanzu zai buɗe shi. Shekara goma sha tara ke nan, in zai kwanta sai ya ɗaure shi da tsumma, kada ya buɗe cikin barci. Na ce, "Kawu, don Allah me kake jira?" Ya dubi hannun. Can ya ce, "Akwai yara a gidan." Ya ƙara da cewa, "Kuma tare aka yi mana kaciya."

Ranar Laraba da ta wuce ina garejin. An yi ruwa. Farar motar ta zo wucewa, ta watsa wa Kawu taɓo tun daga ƙirji har ƙafa. Alhaji yana ciki, ya gan shi sarai, ko gilashi bai sauke ba. Kawu ya dubi taɓon da ke jikinsa. Ya zaro hannun daga aljihu, ya zuba masa ido. Da idona na ga ƙaramin yatsan ya miƙe, kuma bai koma ba.

Jiya wani makiyayi ya ce sarƙar katafilar Dagwarga ta tsinke ciyawar da ta ɗaure ta. Ta ɗan juyo da gabanta wajen gari.

Don haka kada wanda ya kuskura ya bi ta fadamar nan shi kaɗai, musamman rana tsaka. Gobe kuma in kun ga Kawu, ku durƙusa ku gaishe shi da kyau, kada ku ɓata masa rai. Habu, daina ƙirga yatsunka. Huɗu suka rage.