Markesar Brañosa

Wata uku ke nan babu wanda ya taɓa jakar aikin yayana Nicanor. Tana nan rataye a bayan ƙofa inda ya bar ta. Ni ƙanwarsa ce, karatuna bai yi nisa ba, amma zan faɗi labarinsa da matarsa yadda ya faru.

Nicanor mai gyaran piyano ne daga Brañosa, ƙauyen makiyaya a kan tsauni. Casilda kuwa 'yar gidan Lombera ce, masu kamfanin kifin gwangwani a bakin teku. Gyara ya kai shi gidansu, ta tsaya tana miƙa masa kayan aiki, daga nan zance ya ƙullu. Da ta ce shi take so, yayanta Leandro ya ce, "Ki aure shi, amma ta ƙofar 'yan aiki zai riƙa shigowa." Ta aure shi, ita ma ta daina shiga gidan.

Da gadonta ta buɗe makarantar kiɗa. Shi kuma ya riƙa bin ƙauyuka yana sauraron masu waƙa a coci, wanda ya ji yana da baiwa ya kawo shi. Shekara talatin da biyu suna wannan aiki, har ɗalibansu suka cika manyan zauruka na ƙasa.

Sai ga takarda daga fada: za a ba Casilda sarautar markesa saboda hidimar da ta yi wa kiɗa. Aka nemi ta faɗi sunan da za a liƙa wa sarautar, sunan da jikokinta za su gada.

Ranar Lahadi muna cin miyar wake sai ga Leandro, riƙe da hannun mahaifiyarsu mai shekara casa'in.

"Markesar Lombera," in ji shi tun bai zauna ba. "Ki sa wannan, mu manta da komai. Shi kuma maigidan naki, ai ranar bikin ba sai ya wahalar da kansa da kwat ba."

Tsohuwar ta kama hannun Casilda. "'Yata, ina so in ga kanku a haɗe kafin in tafi."

Casilda ta tashi ta shiga kicin tana hawaye. Nicanor ya bi ta, ni ma na bi su da kwanuka.

"Ki ba su sunan," ya ce a hankali. "Mama ta tsufa. Ni me zan yi da sarauta? Ko hula ba ta zama a kaina."

"Kai da kake gane igiyar piyano ta saki tun daga bakin titi, yau ba ka ji abin da ya faɗa ba?"

"Na ji. Shekara talatin ina ji, ban rame ba."

Ta share fuska, ta koma ta tsaya a gaban tebur.

"Yaya, kuɗin na Lombera ne, ban musa ba. Amma kunnen da ya tsinto yaran nan daga Brañosa ya fito. Sunan da zan aika ke nan, kuma da mijina zan shiga fada, ta babbar ƙofa."

Leandro ya ɗauki hularsa. "Mama, tashi mu tafi."

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon Nicanor, sannan ta tura masa kwanonta.

"Ƙara mini, ɗana. Wai Brañosar nan, mota tana iya hawa?"

A cikin makon Nicanor ya kai ta can da kansa. Leandro bai zo bikin ba, amma ranar jana'izar Nicanor shi ne ya fara sa kafaɗa ƙarƙashin akwatin, kuma babu wanda ya roƙe shi.

Abin da na koya shi ne, mai haƙuri ba sai ya nema wa kansa girma ba, wanda ya san darajarsa zai nema masa. Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Nicanor, ya ba Casilda ƙarfin zaman da ya rage mata ba tare da shi ba. Amin.