Rabon Baƙon Yaritza

Ranar Laraba da yamma, a ƙarshen kakar kofi, Herminia tana soya ayaba a gidansu da ke kan tudu bayan garin Jayuya. Mijinta Eusebio yana wasa adda a baranda. 'Yarsu Yaritza, mai shekara goma sha tara, ta tsaya a bakin madafa ta ce a kashe rediyo. Rediyon a kashe yake.

Daga ranar, duk magariba sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Ɗaya, sai shiru, sai wata. Eusebio ya zagaye gidan bai ga kowa ba. Ya dai ga jar ƙasa a faratan 'yarsa, bai faɗa wa matarsa ba. Yaritza ta rufe tagar ɗakinta da bargo, ta daina fita. Ta ce wani namiji ne yake faɗin duk abin da take yi. Tana ɗaga cokali, sai ya ce ta ɗaga cokali.

Likitar garin ta zana musu abin a takarda. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, kowace da ƙofar karɓarsa. A kan Yaritza saƙon ya yi wa wasu ƙofofin yawa, har tunaninta yake dawo mata da muryar wani. Ta ba su magani. Muryar ta ce guba ce. Sati uku yarinyar ba ta sha ko ɗaya ba, abinci ma sai da lallashi. Likita ta ce in Litinin ta yi ba ta fara sha ba, sai asibitin birni, inda ƙanin Eusebio ya shiga shekara ashirin da suka wuce bai fito ba.

Ranar Lahadi, rana na faɗuwa, wata tsohuwa, Doña Crescencia, ta hawo tudun. Mai aiki da ruhohi ce, kuma ta yi shekara talatin tana jinyar marasa lafiya a asibiti. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta ajiye ruwa da kyandir da baƙin kofi. Ta karanta takardar kwalbar maganin har ƙarshe, ta zaunar da Yaritza a gabanta.

"Ɗan'uwa," ta ce wa mai muryar, kamar yadda ake kiran ruhohi, "wa ya gayyace ka?"

Kan Yaritza ya sunkuya. Muryar da ta fito ta tsoho ce.

"Ƙofa na samu a buɗe, tsohuwa."

"Tsohuwa? Kai da ka mutu, kake yi wa wani gorin shekaru? Me kake so?"

"Ba a taɓa ajiye mini komai ba a gidan nan. Kowane mamaci da kofinsa, ban da ni."

"Ga kofi. Amma baƙo ba ya zaɓar abin da aka ba shi." Ta ɗora ƙwayar magani ɗaya a faranti kusa da kyandir. "Wannan ba nata ba ne, rabonka ne. Ba ka da baki sai nata."

"Zai kashe ni."

"An riga shi."

Herminia ta riƙe hannun mijinta, kitsen kyandir yana ɗiga a kan ƙyalle.

"Kullum?" in ji muryar.

"Kullum, da magariba. Kai kuma ka fita mata daga kunne."

"Ranar da aka manta, na dawo da 'yan'uwana."

Hannun Yaritza ya ɗauki ƙwayar, ta kora da kofin. Doña Crescencia ta gaya wa iyayen a hankali cewa maganin zai ɗauki makonni, kada su fasa komawa wurin likita.

Can Yaritza ta ɗago, ta yi magana da muryarta.

"Mama."

"Na'am, 'yata. Ya tafi?"

"Ya fita. Yana zaune a kan matakala." Ta dubi kwalbar. "Ya tambaya guda nawa suka rage."