Igwar Sajan Barthélemy

Ana gobe bikin ranar Jamhuriya, Sajan Barthélemy ya faɗo ofishin 'yan sandan Dogon Dutsi ko hula babu. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Turai, kuma duk garin an san shi ba ya gudu sai da dalili.

"Mushe Sufeto, an sace igwata!" Da Faransanci yake ce masa Mushe, wato Malam.

Sufeto Abdussalam ya ajiye alƙalami. "Igwa, Baba? A garin nan?"

Ta roba ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Fada na mishan ne ya kawo masa ita daga Faransa gutsi-gutsi a kwali, irin wadda ya harba a yaƙi. Tun damina yake haɗa ta da gam da tsinke. 'Yan sojojin da ke kwalin farare ne, ya bi su da baƙin fenti ɗaya bayan ɗaya. Gobe za a ajiye ta gaban kumandan, masu cewa tuwo kawai ya tuƙa wa Nasara su gani da idonsu. Ga shi idonsa ya fara hazo, ba zai iya haɗa wata ba.

A ɗakin Sajan, Sufeto ya duba teburin. Babu igwar, babu ko ɓarɓashinta. 'Yan sojoji biyar na nan a jere.

"Wanda ya ɗauka ya san abin da ya ɗauka," in ji shi. Ya zagayo ƙarshen teburin.

Caraf Sajan ya riƙe rigarsa, sannan ya saki da kunya. "Yi haƙuri, ɗana. Nan bakinta yake kallo. Mu 'yan igwa ba mu gitta gabanta, ko ba harsashi."

Dorkas, matar Sajan, tana surfe a tsakar gida.

"Inna, wa ya shigo jiya?"

"Ba kowa."

"Ba kowa ne ya bar sawun takalmin soja a bakin ƙofa? Baba dai fade yake sawa."

Ta dakata da taɓarya. "To, Laurent ne. Amma don Allah, tare suka yi yaƙi, tare suke coci."

Kofur Laurent yana zaune ƙofar gidansa yana goge lambobin yabonsa da toka. Kunnensa ɗaya ya mutu tun a yaƙi, sai an ɗaga murya. Sufeto ya tambaye shi zancen igwar.

"Ni da kayan wasan yara? Haba! Ko kallonta ban yi ba."

"To mu shiga ciki, rana ta yi," in ji Sufeto.

Sufeto ya lura tsohon bai miƙe zuwa tabarma ba. Sai da ya yi wani kewaye, yana raɓa bango, kamar mai gudun kare. Sufeto ya jawo kujera ya dasa ta daidai gindin gado, ya yi kamar zai zauna.

"Kai, tashi daga gabanta!" Laurent ya daka tsawa.

Sufeto ya durƙusa ya ɗaga zanen gado. Ga igwar nan, an toshe bakinta da auduga saboda ƙura.

Aka kira Sajan. Laurent ya miƙe ƙyam, bai sunkuyar da kai ba.

"Ni na ɗauka. Mu shida ne a kanta, Barthélemy! Ni ke ɗura harsashi, a gindinta na bar kunnena. Ka yi biyar, har da matattu, ka bar ni. Gobe garin ga ya ce ban je ba?"

Sajan ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗan soja na shida, rungume da harsashi.

"Wawan tsoho! Kai kaɗai ne Ba'are a cikinmu. Zanen kuncinka nake ja da allura, daga baki zuwa kunne, idona yana ƙi. Zan kai ka gaban mutane da fuskar wani?"

Laurent ya karɓa, ya kai shi kusa da ido. Hawaye suka bi zanen fuskarsa. Shi kansa Sufeto sai da abin ya taɓa shi, don irin waɗannan mazan ba kullum ake haifarsu ba.

Amma sata sata ce. "Kofur, mu je ofis."

Bai sa masa ankwa ba. Laurent ya maƙala lambobinsa ya fita da takun soja, yara na kallo.

"Mushe Sufeto!" Sajan ya kira daga baya. "Ka sako mini shi kafin fareti. Igwar nan ba ta tashi da mutum biyar."