Shekarar da Aka Rufe Ƙofar Darang

A ƙarshen kaka, bayan an gama yankan sha'ir, Mir Ashurbek, sarkin yankin, ya rasu a ganuwar Darang, wadda ke bisa dutse tana tsaron hanyar ayari a tsaunukan Badakshan. Kakanninmu manoma ne suka yi dakon duwatsunta, a kan alkawari guda: su riƙa zuba hatsinsu a rumbunan ciki, in mahara suka zo a buɗe musu ƙofa.

Mir ya bar ɗa, Gulmurad, da ƙane, Daulatsha. Manyan fada suka naɗa ɗan. Ƙanen ya ƙetare tsauni cikin fushi, ya komo da mayaƙan haya gab da saukar dusar ƙanƙara.

Mutanen ƙauyuka suka kwaso yara da awaki suka hau zuwa ganuwa, suka tarar da ita a garƙame. Sarkin Ƙofa Nekruz ya durƙusa gaban sabon Mir.

"Ranka ya daɗe, hatsin nan nasu ne."

"Baki ya yi yawa, Nekruz. In na ciyar da su, baffana zai ci ni kafin bazara. Bar ta a rufe."

A cikin taron akwai Bibi Zarnigar, mahaifiyar Nekruz, wadda ta shayar da Gulmurad yana jariri. Ta ɗaga kai ta kira shi da sunansa tsirara.

"Gulmurad! Lokacin da kake tsotsona ban ce baki ya yi yawa ba. Kai kuma Nekruz, sauko ka dube ni!"

"Inna, ki yi haƙuri, umarni ne," in ji Nekruz daga saman bango, bai yarda sun haɗa ido ba.

Daulatsha bai taɓa talakawan ba, bai kuma bar su su koma gida ba. Ya tsare su tsakanin mashinsa da bango, yana jiran kukansu ya buɗe masa ƙofa. Suka cinye awakin, suka ƙone sandunansu don jin ɗumi. Yara suka fara mutuwa, sannan tsofaffi. Nekruz na tsaye a kan bango ranar da aka binne uwarsa cikin ƙanƙara, mabuɗi na rataye a ƙugunsa.

Da sanyi ya tsananta, mayaƙan haya suka watse, Daulatsha ya mutu a hanyar gudu. Aka buga tambarin nasara.

Bazara ta zo, Gulmurad ya aika a fito noma, manzo ya tarar da gidaje babu hayaƙi. Waɗanda suka rayu sun yi ƙaura. Ayari ya sauya hanya, don babu mai sayar masa da ciyawa. Dakaru suka zame ɗaya bayan ɗaya. An ce Nekruz ne kaɗai ya zauna har Gulmurad ya rasu, shi ya wanke gawarsa, sannan ya fita bai waiwaya ba.

Haka magabata suka ba mu labari. Gulmurad ya ƙirga hatsi daidai, ya kuma ci yaƙinsa. Abin da bai sani ba shi ne, sarautar da yake karewa tana wajen bango, tana mutuwa yana kallo.