Mai Manjagara

A bayan wurin wankin motar babanta ya fara ganinta, ta naɗe hannun riga tana leƙa wani kududdufi kore shar. Direban motar kai kaya ne, ya kawo mota wanki, sai ya manta da motar.

Kududdufin nata ne. Ruwan sabulu da baƙin mai suna gangarowa ciki, kainuwa da gansakuka su tsotse dattin kafin ruwan ya isa lambun maƙwabta. Hukuma ta ce in ruwan bai gyaru ba, za a rufe wa Baba wurin. Shi gogan bai san wannan ba, zuciya ce kawai ke gaba da shi.

Ranar hutu ya zo da manjagara ya kwashe koren tas, ya tura mata saƙo: "Kyakkyawa, na share miki kududdufi. Ba sai kin gode ba."

Amsa ta zo: "Ba zan gode ba. Ma'aikatana ka kwashe."

Ta yi kuka sosai. Baba kuwa ya ce ko tayar motarsa ya gani a layin, za su gamu.

Bawan Allah bai yi zuciya ba. Duk inda ya kai kaya sai ya ratse bakin tafki, ya ciko bokiti da ciyawar ruwa ya ajiye mata a ƙofar baya. Motarsa ta koma ƙarnin kwaɗi.

"Wannan ciyawar banza ce," ta rubuto. "Mai faɗin ganye nake so."

"To, Kainuwata."

"Wa ya ba ka izinin wannan sunan?"

"Ki hana ni, in daina."

Ba ta hana ba. Dariya ma ta yi har da riƙe ciki.

A hankali kore ya dawo. Ranar da ma'aikaciyar hukuma ta ɗebi ruwa a kwalba ta ɗaga, ana ganin yatsunta ta ciki. Baba ya sauke numfashi, ya hango direba laɓe bayan katanga, wando jiƙe har gwiwa.

"Kai mai manjagara, shigo. Turo min manyanka."

Ranar aure farin ciki ya hana amarya rufe baki. Baba ya dafa kan ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Amma manjagarar nan, a wurina za ta zauna."